An Sare Tsamiyar Heluma, Baƙona Yana Ta Wucewa

Zuwa ga Babban Injiniyan kamfanin da ya gyara mana hanya daga Tudun Wada zuwa bakin dajin Falgore.

Yallaɓai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, da fatan aiki yana tafiya daidai a duk inda kuka koma da motocinku.

Yau Alhamis, ta farko a wannan wata. Rana ta ɗan ɗaga, ina zaune a zaure da takarda a kan cinya. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Gwiwar hagu ta bar ni na yi sallar asuba a tsaye, abin da na kwana biyu ban samu ba, tarin ma ya lafa tunda ruwan sama ya fara ja baya. Hannu ne dai yake rawa. Idan masu buga jarida sun ga layi ya karkace, laifin shekaru ne, ba na malaminmu na elementare ba, Allah ya jiƙansa, don shi da tsumagiya ya koya mana miƙe rubutu.

Ban san sunanka ba, shi ya sa na biyo ta jarida. Na roƙi maƙwabcina ya leƙa mini sansaninku, ya dawo ya ce kun kwashe, ba abin da ya rage sai tarin tsakuwa da ganga biyu da awaki suke hawa. Na ce to, wanda ya iya zana hanya ai ba zai kasa karanta jarida ba.

Sunana Isyaku, amma daga Kwanar Ɗangora har Doguwa idan ba ka ce Heluma ba, ba wanda zai gane wa kake nufi. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina shugabantar leburorin hanyar nan, tun muna cike ramukanta da diga da kwanon sarki. Saboda haka ba baƙon aikinku ne yake yi maka magana ba. Tsohon abokin sana'a ne, ko da yake kai da na'ura ka zo, mu da kafaɗa muka yi namu.

Kafin in kawo kukana, bari in ba ka haƙƙinka. Hanya ta yi kyau. Lokacin da kuke zuba kwalta na fita da sandata na ƙwanƙwasa gefenta, na duba kaurinta, na duba yadda kuka karkata ta don ruwa ya zurare. Ban sami abin kushewa ba, kuma Allah ya sani na nema. Mai naƙuda da a da ake fargabar ɗaukarta zuwa asibiti, yanzu kafin masu rakiya su gama salati an isa. Masu kai masara da shinkafa kasuwa suna sa muku albarka, ni ma ina sa muku. Abu ɗaya kuka yi mini, ga shi kuwa dalla-dalla.

Na farko. Kai da takarda da awo ka san hanyar nan, ka san kilomita nawa ne daga nan zuwa can. Mu ba haka muka san ta ba. Mu da ido da hanci da ciki muka san ta. Wanda ya taso daga Kano, idan ya ga shinkafa ta shimfiɗu kore shar hagu da dama, ya san ya zo Kura. Idan ya ga kwandunan tumatir jibge a bakin titi, ya san Kwanar Gafan ce. Idan ƙamshin nama da hayaƙin manyan motoci suka haɗu suka bugi hancinsa, to ya iso Kwanar Ɗangora, inda hanya ta rabu biyu, mai zuwa Zariya ya miƙe, mai zuwa Jos ya karya hagu. Nan mutanen Kiru da Ɗansoshiya suke fitowa su jira mota, nan kuma direba yake rantse maka cewa saura mutum ɗaya a tashi, alhali kai ne na biyu a ciki.

Idan an karya hagun, sai Anadariya, inda hanyar Tiga ta ɓalle. A nan idan ka yi sa'a za a ɗago maka kifi ta taga tun yana motsi. Sai 'Yaryasa, sai Tudun Wada garin shinkafa. Da ka bar Tudun Wada gidaje suke fara ƙaranci, itatuwa su fara yawa, shanu su fara ratsa titi ba tare da neman izinin kowa ba. Daga nan sai dajin Falgore, inda birai suke zama a gefen kwalta kamar masu jiran mota. Idan ka fito daga dajin sai ka hango duwatsun Doguwa sun yi shuɗi-shuɗi, can cikinsu Riruwai inda aka yi haƙar kuza. Gaba kaɗan ka bar ƙasar Kano, ka doshi Saminaka da masararta.

Waɗannan manyan wurare ne, ba sa ɓata wa kowa. To amma tsakaninsu akwai mu, ƙananan ƙauyukan da ba a hango su daga titi. Mu ba mu da kasuwa ko tasha. Abin da kowannenmu yake da shi alama ce guda ɗaya a bakin hanya: wani kuka, wani ɗorawa, wani dutse mai kama da turmi a kife. Ba ka taɓa jin fasinja ya ce wa direba a sauke shi a kilomita kaza ba. Cewa yake yi, a sauke ni a kuka, a sauke ni a dutse. Idan ka ɗauke wa ƙauye alamarsa, ka ɗauke shi daga hanya, ko da gidajensa suna nan tsaye.

Na biyu. Tamu alamar tsamiya ce, bayan an wuce Tudun Wada, a hannun dama kafin a kai bakin daji. Ba ni na shuka ta ba, na tarar da ita ta riga ta tsufa. Lokacin da aka zo zuba kwaltar farko, injiniyan wancan zamani ya ja layinsa ya bi ta tsakiyarta. Leburorina ashirin da huɗu suka ajiye gatura, suka ce su ba za su taɓa ta ba, wai da mutanen ɓoye a ciki. Ni ba mutanen ɓoye ne suka dame ni ba, inuwar ce, don a nan muke cin abinci mu yi azahar. Sai na yi dabara. Na ja injiniyan da tsakar rana na yi ta nuna masa aiki cikin ƙwalleliyar rana, har rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da na ga ya fara tangaɗi, na kawo shi gindin tsamiyar na zaunar da shi a kan saiwa, na sa wata Bafulatana mai tallan nono ta dama masa fura a ƙwarya. Ya shanye, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ganyen. Da ya tashi sai ya karɓi fensir ya kauce da layin ƙafa goma.

Wannan 'yar lanƙwasar da kuka tarar a wurin, aka ce mini ma'aikatanka sun yi ta dariya suna cewa mutanen da ba su iya awo ba. Mun iya, yallaɓai. Fura ce ta lanƙwasa ta.

Tun daga ranar direbobi suka raɗa mata Tsamiyar Heluma. A gindinta na fara ganin Hajara, matata marigayiya, ta fito daga ƙauyen da ke baya da tallan gyaɗa. Dalilinta na gina gida a nan, na zauna har aka sallame ni daga aiki. Tsamiyar ita ce tasharmu, ita ce gidan wayarmu. 'Yar waccan mai furar, sunanta Dudu, ita ta gaji wurin uwarta, ita ma yanzu ta yi jikoki. Duk saƙon da za a aiko ƙauyenmu, magani ne, taki ne, takardar gayyatar biki ce, direba zai rage gudu ya miƙa wa Dudu, ita kuma ta san mai shi. Ba a taɓa cewa ko allura ta ɓata a hannunta ba.

Na uku. Wata uku ke nan, damina ta kankama, ina kwance ina fama da zazzaɓi, wata ranar Talata katafilarku ta zo. Abin da ya gagari gatari ashirin da huɗu ta gama da shi kafin azahar. Da na sami ƙarfin fitowa, ko kututture ban tarar ba. Kun miƙe lanƙwasar, kuma a inda tsamiya take kun ja lambatu na kankare, dogo, fari, iri ɗaya tun daga inda ido ya fara gani har inda ya gaza. Na auna shi da sandata: faɗinsa ƙafa huɗu, zurfinsa ya kai mini ƙugu. Ba ku bar mana mashiga ba. Kwalbatin da kuka yi yana can mil ɗaya da rabi gaba, inda babu gida babu gona sai suri, kuma turbar da ta tashi daga can ta bi ta fadama ne, da damina ko babur ba ya ratsa ta. Samarinmu tsallakawa suke yi. Mata sun gitta wani siririn gungumen giginya suna bi a kai da kaya a ka, ina kallonsu ina salati. Mu tsofaffi kuwa mun zama 'yan kallo.

Ban ce dole sai an yi shawara da ni ba. Na san aiki, na san layi idan an ja shi daga ofis ba mai tsayawa tambayar wani tsoho. Amma da wani a cikinku ya sayi nono ya zauna minti biyar, da Dudu ta gaya masa.

Dudu ta yi mako guda tana zama a rana da lema. Nono ya yi ta tsami kafin hantsi ya dubi ludayi, direbobi kuma ba sa ganinta sai sun wuce. Ranar da ta gaji, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma wata tsamiyar, mil huɗu gaba, kusa da bakin daji, wadda ke gaban rugar Arɗo Buba. Ba na ganin laifinta. Sai dai ga abin da ya biyo baya. Direbobin yanzu yawancinsu ba su san ni ba. Abin da suka sani shi ne, Tsamiyar Heluma ita ce tsamiyar da ke bayan Tudun Wada mai Bafulatana a gindinta. Suna zuwa suka ga tsamiya, suka ga Dudu, shi ke nan. Sunana ya yi ƙaura ya bar ni a gida. Yau duk wanda ya ce a sauke shi a Tsamiyar Heluma, a ƙofar Arɗo ake dire shi. Maganin gwiwata da ɗana ya aiko daga kudu ya kwana huɗu a ruga kafin ya same ni.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yallaɓai, ni kaɗai nake a gidan nan. Hajara ta rasu shekara shida ke nan. Ɗana yana nesa, yana ƙoƙari, amma nesa nesa ce. Matar maƙwabcina ce take aiko mini da abinci, Allah ya saka mata. A cikin mutanen da muka yi aikin hanya tare, mutum ɗaya ya rage mini a duniya, Malam Haruna, wanda ake kira Tankifa, don shi ne mai kiran suna da rubuta lokacin zuwan kowa a wurin aiki. A Bebeji yake zaune wajen 'yarsa Binta. Tun da aka sallame mu, duk Alhamis ta farko a wata sai ya fito babban titi ya hau mota zuwa Kwanar Ɗangora, ya sake hawa ta Doguwa, ya sauka a tsamiya. Ƙarfe goma sha ɗaya yake sallama a zauren nan. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana rubuta makarar mutane ba ya yarda a ce ya makara.

Yakan zo mini da goro, ni kuma in fito da magogi, don mu biyun idan aka haɗa haƙoranmu ba za su cika baki ɗaya ba. Mu ci tuwo, mu yi musu a kan ko mil nawa ne daga Tudun Wada zuwa gadar cikin daji, musun da muka fara tun gashinmu yana baƙi. Idan mun yi azahar sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya kira sunayen leburorinmu ashirin da huɗu a jere, kamar yadda yake kira da safe a bakin aiki. Audu Gajere. Ɗan'azumi mai diga. Mamman Bazazzagi. A da kowa yakan amsa da kansa. Yanzu ni nake amsa musu, ya kira in ce Allah ya jiƙansa, ya kira in ce Allah ya jiƙansa, har mu kai ƙarshe mu shafa fatiha. Shi ya riƙe jerin a ka. Ni idan na fara sai in tsallake mutane, in maimaita wasu. Waɗannan mutane su suka ɗauki hanyar nan a ka kwano-kwano, kuma ban san wani wuri da ake ambatonsu ba in ba a zauren nan ba.

Za ka ce me ya hana mu yi waya. Kunnen Haruna ya yi nauyi, idan ya kara waya ihu yake yi ba ya jin amsa. Mu kuma a nan sai ka hau wani suri a bayan masallaci kafin waya ta kama, gwiwata kuwa ta daɗe da yin sallama da hawa.

To, watan da ya biyo bayan sare tsamiyar, Haruna ya hau mota kamar kullum ya ce Tsamiyar Heluma. Aka dire shi a ta Arɗo. Idonsa ba ya gani sosai, ya ga inuwa, ya ga ƙwarya, Dudu kuma tana can tana fama da wata babbar mota ba ta lura da shi ba. Ya kama turbar da ke bayan itaciyar ya yi ta tafiya, har ya faɗa tsakiyar garke. Arɗo ya ba ni labari da bakinsa, yana dariya har da hawaye. Ya ce sai ya ji wani dattijo yana ɗaga murya yana cewa, "Heluma! Ashe shanu ka tara haka kake ɓoye mini, kana ba ni tuwo da miyar kuka?" Arɗo ya fito ya yi masa jaɓɓama, ya ce, "Baba, babu Heluma a nan, amma akwai tabarma." Ya rantse baƙo ba zai bar rugarsa da yunwa ba. Aka yanka zabo, aka kawo kindirmo. Sai bayan la'asar ƙanin Arɗo ya ɗauko shi a babur ya kawo shi daidai ƙauyenmu, aka aiko aka kira ni.

Na dogara sanda na fito. Ga Haruna a gefen kwalta, ga ni a gefen gona, ga lambatunka a tsakani cike da ruwa yana gudu. Ya leƙa, ya ɗago, ya ce, "Heluma, wa ya haƙa maka ganuwa? Yaƙi kake jira?" Na ce masa ya koma wajen masu zabi, tunda ya sami inda ya fi. Ya dubi gungumen giginya, na dube shi, duk muka girgiza kai. Ya ciro goron ya jefo mini, ya faɗa ruwa, muna kallo ya tafi Falgore. Ya ce to ko a tsaye ne sai an kira suna. Ya fara, manyan motoci suna wucewa suna haɗiye muryarsa, ni ina amsawa shi ba ya ji, sai ya ɗauka ban amsa ba ya sake kira da ƙarfi. Muna kan mutum na bakwai motar Kwanar Ɗangora ta zo, dole ya hau don kada duhu ya same shi. Mun yi dariya a ranar, yallaɓai, har cikina ya ƙulle. Da na dawo zaure ne dariyar ta ƙare.

Watan jiya ya zo da shiri. Tun a tasha ya gaya wa direba ba tsamiyar da take nan yake so ba, wadda babu ita yake so. Direban ya ce, "Baba, abin da babu shi ta yaya zan gan shi?" Haruna ya ce shi zai nuna masa. A nan ne kyan aikinku ya cuce mu. A da akwai wani rami gab da tsamiya, wanda ni kaina na cike shi ya fi sau ashirin yana dawowa. Duk barcin da Haruna yake yi a mota, wannan ramin ne yake tashinsa. Kun shafe shi. Mota ta yi ta tafiya sumul kamar a kan tabarma, Tankifa ya yi barcinsa, bai farka ba sai da ya buɗe ido ya ga biri yana kallonsa. A cikin daji ba a tsayawa, sai da aka kai shi Doguwa. A motar masara ya dawo, bai isa Bebeji ba sai bayan isha'i.

Na biyar. Washegari maƙwabcina yana kan suri kiran Binta ya shigo wayarsa, aka taimaka mini na kai gindin suri aka riƙe mini ita sama-sama. Ta gaishe ni da ladabi kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Baba Heluma, wallahi ba raini ba ne. Tsoho ya dawo mini a kan buhunan masara, takalmi ƙafa ɗaya, yana ba ni labarin birai. Sau ɗaya ya rage. Idan ya sake ɓata, ni da kaina zan ɓoye sandarsa." Ban yi mata musu ba, don gaskiyarta ce. Da ni ne nake da uba kamarsa, abin da zan yi ke nan.

Sau ɗayan nan da ya rage, yau ne. Ni ma na yi nawa shirin. Na sa an ciro ƙyauren ɗakin marigayiya, na katako ne mai ƙwari, tsawonsa ƙafa shida, maƙwabta sun gitta shi a kan lambatu tun da safe. Da na gama wannan takarda zan sa a kai mini kujera bakin hanya, in ɗaura jan ƙyallen da muke tsayar da motoci da shi a da a kan sandata, in zauna. Yau ni ne tsamiyar. Inuwa ce dai ba ni da ita.

Amma kai ma ka san ƙyaure ba gada ba ne, tsoho kuma ba allo ba ne. Saboda haka ga roƙona, kuma na rage shi iyakar ragewa, don na san abin da yake da wuya da wanda ba shi da wuya a aikinku.

A ɗora mana murfin kankare guda ɗaya a kan lambatun, daidai bakin turbar ƙauyenmu, mai faɗin da tsoho da sanda zai bi, da amalanken shanu. Irinsa na gani kun jera a ƙofar gidajen mai, ban ga ya ɗauke ku yini guda ba.

A kafa allo a wurin. Ba lallai ne sunana ya hau ba, ba neman suna nake yi ba a wannan shekarun. Sai dai idan aka rubuta wani abu daban direbobi ba za su gane ba, don haka a rubuta abin da suka sani, da manyan baƙaƙe, yadda mai gudu zai gani. Arɗo Buba ya ce shi ma a taimaka a yi masa nasa, don zabinsa sun kusa ƙarewa a kan baƙina.

Ina da 'yar tsamiya a gwangwani a bayan ɗaki, daga ƙwallon waccan na tsirar da ita, ta kai tsawon hannu. Ina so in dasa ta ƙafa goma bayan lambatu. Abin da nake nema shi ne a sa ta a takardarku, yadda wanda zai zo gyara bayanka zai gan ta a zane kafin ya turo katafila. Na san ba zan sha inuwarta ba. Jikokin Dudu za su sha.

Idan kuma da hali, ɗan tudun nan da kuke yi a kan titi don rage gudu, a sa mana guda ɗaya kafin wurin. A takarda ka rubuta don lafiyar masu tsallakawa ne, kuma gaskiya ne. Tsakanina da kai kuwa, don ya tashi Haruna ne.

Idan ka sami sarari ka zo da kanka, ka tambayi Dudu a tsamiyar Arɗo, za ta kwatanta maka inda muke. Ka zo da tsakar rana. Ina da wuraren da zan zagaya da kai in nuna maka, sannan mu dawo zaure a dama maka fura. Dabarar ta taɓa yi mini aiki sau ɗaya.

Ina roƙon Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da ma'aikatanka daga hatsarin aiki da na hanya. Allah ya sa duk hanyar da ka shimfiɗa ta zama sanadin sada zumunci, ya ba ka ladan kowane matafiyi da ya isa gida lafiya. Allah ya raya maka zuri'a, ya ba ka tsawon rai, ya kuma bar maka aboki ko guda ɗaya wanda zai san hanyar gidanka idan ka tsufa. Idan na faɗi abin da ya yi zafi, a yi wa tsufa uzuri.

Wassalam.

Naka,
Isyaku Heluma,
tsohon shugaban leburorin hanya,
daga inda tsamiya take a da.

Ƙari, bayan la'asar sakaliya. Ban rufe ambulan ba, don na so in ƙara maka da labari mai daɗi. Na zauna a bakin hanya tun ƙarfe goma. Motocin Doguwa sun wuce da yawa, duk wadda ta taho na ɗaga jan ƙyalle. Wani direba ya yi mini oda, wani ya ɗaga mini hannu, wata mata ta jefo mini lemo ta taga. Ba wadda ta tsaya. Na aika tsamiyar Arɗo, Dudu ta ce yau ba ta ga kowa ba. An hau suri an nemi Binta sau uku, wayar ba ta shiga. Ban sani ba ko Haruna yana Doguwa, ko kuwa an riga an ɓoye sandar.

Da na yi azahar a nan gefen gona, na gwada kiran sunayen ni kaɗai, ina kira ina amsawa. Na kai goma sha tara. Saura biyar, ina ganin fuskokinsu sarai, ɗaya ma har da wushiryarsa, sunayen ne suka ƙi zuwa. An ɗauke ƙyaure an mayar, don kada raɓa ta taɓa shi. Tuwon da aka tanadar mana na ce a mayar wa masu shi da godiya. Magogi yana aljihuna.

Haruna dai bai zo ba.